Na bar sirdin Ingila na koma na kaboyi, gwiwa na ciwo, doki na kaɗa kai

Hadiza_Teksas:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san sirdin kaboyi, irin hawan da ake yi a yammacin Amurka. Ni a Ingila na koyi hawa lokacin ina karatu, a kan ɗan siririn sirdinsu, hannu biyu a igiyar linzami, ina jin bakin doki a yatsuna koyaushe, har tsallaken shinge ina yi. Yanzu aiki ya kawo mu wani gari a jihar Teksas, kuma bargar da ke kusa da mu duk sirdin kaboyi ne a rataye. Na karɓi hayar wani dandaƙaƙƙen doki ja, jinsin Kwata, mai sanyin hali, yara ma suna hawansa. Amma ni da shi mun kasa jituwa. Da na tattara igiya don in ji bakinsa sai ya ɗaga kai sama, wani lokaci har ya fara ja da baya. Ba na jin motsin bayansa ko kaɗan saboda kaurin fata da shimfiɗa. In na sunkuya gaba ƙahon da ke gaban sirdin ya tokare ni a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne gwiwa, kafin a yi rabin awa gefen gwiwoyina ya ɗauki zafi, in na sauko da kyar nake miƙe ƙafa. Shin in sayo sirdin Ingila in ɗora masa in huta, ko akwai yadda ake sabawa? Ina son dokin nan ƙwarai, ba na son in ɓata masa baki.

Sani_Oklahoma:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da gwiwa don ita ce mai sauƙin magani. A sirdin Ingila likkafa tana rataye ne a siririyar fata, tana juyawa duk inda ƙafarki ta nufa. A na kaboyi faffaɗar fata ce mai kauri, kuma in sabuwa ce ko ba a karya ta ba, tana kwance a jikin doki, likkafar na kallon gefe. Ƙafarki ce take murɗa ta zuwa gaba da ƙarfi duk tsawon hawan, gwiwa ce take biyan kuɗin. Abin da muke yi a nan: ki jiƙa bayan fatar da ruwa mai ɗumi, ki murɗa likkafun biyu zuwa waje har su ɗan wuce yadda suke zama in ƙafa na ciki, ki zura sandar tsintsiya ta cikinsu su biyun, ki bar sirdin a haka. Duk ranar da kika ajiye sirdi ki mayar da sandar. Sai dai tunda na barga ne, ki tambayi mai shi kafin ki sa masa ruwa. Na biyu, ki saki likkafar ƙasa da rami biyu ko uku daga inda kika saba. In kin miƙe tsaye a kanta, tazarar da ke tsakaninki da sirdi kada ta wuce faɗin tafin hannu.

Maman_Ilham:
Ina biye. Ni ma yarinyata ta fara zuwa barga a Hustan kuma irin sirdin ke nan.

DanFolo_KD:
Hajiya Hadiza, maganar kaɗa kai ba ta sirdi ba ce, ta linzami ce. Don Allah ki duba abin da ke bakinsa. In linzamin yana da dogayen ƙafafu biyu da suka sauko ƙasa da baki, igiya a ɗaure a ƙarshensu, da sarƙa ko fata a ƙarƙashin haɓa, to ba a riƙe shi yadda kika koya. Ƙaramin linzamin Ingila mai zobba biyu, ƙarfin da kika ja shi ne ƙarfin da doki ya ji. Mai ƙafa kuwa ninka ƙarfin yake yi: ƙarfen ya danna harshe da dasashi, sarƙar ta matse haɓa, madaurin kai ya danna bayan kunne, duk a lokaci guda. An horar da dokin nan cewa in ya ji haka, to tsayawa ake so ko ja da baya. Shi kuma yana yin abin da aka koya masa. Ki saki igiya ta yi lanƙwasa, ki riƙe da hannu ɗaya. In za ki juya dama, ki kwantar da igiyar hagu a wuyansa, ki kalli inda za ki. Mu 'yan ƙwallon dawaki, wato folo, haka muke yi kullum, igiya a hagu sanda a dama, duk da cewa sirdinmu irin na Ingila ne.

Hadiza_Teksas:
Malam DanFolo, haka linzamin yake, mai dogayen ƙafafu, da sarƙa a ƙasa. Amma yana da gaɓa a tsakiya irin wanda na saba da shi, shi ya sa na ɗauke shi mai sauƙi. Malam Sani na gode, zan tambayi mai bargar maganar sandar.

Sani_Oklahoma:
Gaɓar tsakiya ba ta mayar da shi mai sauƙi. Duk linzamin da igiyarsa ke ɗaure ƙasa da bakin doki, mai ninka ƙarfi ne, ko da gaɓa ko babu. Masu horo da yawa ma sun fi ƙin mai gaɓa da ƙafa, don in kin ja igiya ɗaya kaɗai, ƙafar ɓangaren tana murɗewa ta tokari gefen fuskarsa, sai saƙon ya rikice masa: ana jansa dama, ana kuma tura shi hagu. Ki roƙi mai bargar ya sa masa ƙaramin linzami mai zobba na ɗan lokaci. Kusan duk dokin kaboyi da shi aka fara horar da shi, bai manta ba. A gasar AQHA, ƙungiyar masu dawakin Kwata ta Amurka, wadda aka kafa a 1940 take da hedikwata a Amarilo nan jiharku, dokin da bai wuce shekara 5 ba an yarda a hau shi da hannu biyu da ƙaramin linzami ko ragamar hanci. Sai ya girma ne ake neman mai ƙafa da hannu ɗaya. Ke kuwa ba gasa za ki shiga ba yanzu, babu mai hana ki.

TsohonBarga_Katsina:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika ce ba kya son ɓata masa baki. Wannan maganar ita ce ta mahayi. Na tashi a barga, kuma abin da yaran nan suke gaya miki shi iyayenmu suka gaya mana ba tare da sun taɓa jin sunan Teksas ba. Linzaminmu na gargajiya ya fi wannan naku zafi nesa ba kusa ba, ƙarfe ne mai tudu a cikin baki da zobe da ya zagaye haɓa. Amma gwanin mahayi sai ya yi kilisa tun la'asar har magariba bai ja kamazuru sau ɗaya da ƙarfi ba. Da yatsa yake magana, da cinya, da zama. In kin ga doki a hawan sallah bakinsa na jini, to yaro ne a kai ko wanda ya ari doki. Sirdinmu ma mai kwacciya ne gaba da baya, ana zama a cikinsa ne, ba a kansa ba. Ki daina neman bakinsa, ki zauna sosai, ki bar nauyinki ya sauka. Zai neme ki da kansa.

Likitan_Dabbobi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa muku. Ina duba dawaki bayan hawan sallah, kuma raunin da nake gani a dasashi da harshe da ƙarƙashin haɓa ba duka na 'yan koyo ba ne. Zamiyar da ake yi a gaban sarki, doki na tsakiyar sukuwa a tsayar da shi cak, da wannan zoben ake yin ta, kuma ko hannun wane ne yana barin tabo. Akwai dokin da na buɗe wa baki na tarar harshen ya kusa rabewa, an bar shi ya warke a haka. Ba ina zagin al'ada ba ne, ni ma ina hawa. Ina dai ganin lokaci ya yi da maƙeranmu za su rage kaifin ƙarfen nan su goge shi sumul.

TsohonBarga_Katsina:
Likita, ban musa abin da idonka ya gani ba. Abin da nake cewa, da can sai yaro ya shekara yana share barga yana yankan ciyawa kafin a ba shi linzami ya riƙe. Yanzu mai kuɗi ya sayi ingarma ranar jajibere ya hau ranar sallah.

Ummu_Kalgari:
Yaya Hadiza bari in dawo da mu kanki, don na bi hanyar nan da kike kai. Ni ma da na Ingila na fara, sai da muka zo Albata a Kanada na koma na kaboyi. Abin da ba wanda ya faɗa tukuna shi ne ƙafa. An koya mana mu manna sha-raɓa a jikin doki koyaushe. Dokin kaboyi kuwa an saba masa da ƙafa a sake, sai ana son wani abu ake taɓa shi. Da kin manna masa ƙafa sai ya ɗauka ƙara sauri kike so, ya ƙara. Ke kuma ki ja igiya don ya rage, linzami ya cije shi, ya ɗaga kai. Ƙafa na cewa tafi, hannu na cewa tsaya. Gwada wannan a cikin fili mai shinge: ki saki igiya har ta yi lilo, ki bar ƙafafunki su rataya daga ƙugu, ki bar shi ya yi tafiya. In kina son tsayawa, ki fitar da numfashi, ki zauna a kan aljihun bayan wandonki, ki daina bin motsinsa, ki ce masa wo da murya ƙasa-ƙasa. Kada ki taɓa igiya sai in bai tsaya ba. Ranar da nawa ya fara tsaya min a haka na ji wani irin daɗi da ban taɓa ji ba a duk shekarun tsallaken shinge.

Sai maganar kaya, tunda mu mata ne. Ƙahon nan yana kama tufafi. Na ga wata baiwar Allah ta zo sauka, gaban rigarta ya maƙale a ƙaho, ta rataye ƙafa ba ta kai ƙasa ba, Allah ya taimaka dokin bai motsa ba. Doguwar riga mai faɗi da mayafi mai jela ki bar su a mota. Ni ina sa wando mai kauri, riga mai tsawo zuwa cinya wadda ba ta da faɗi, ƙaramin hijabi na wasanni da ake cusawa cikin wuyan riga. Lokacin sauka ki cire ƙafa biyu ko ki bar ta hagu a bakin yatsu kawai, ki ture jikinki nesa da sirdi kafin ki zame. Takalmi kuma lallai mai dunduniya.

Abba_Zinder:
Tambaya daga gefe: ƙahon na mene ne? Na ɗauka mariƙi ne don kada mutum ya faɗi.

Sani_Oklahoma:
Abba, na igiya ne. In makiyayi ya zarge maraƙi ko sa, sai ya naɗe igiyar a ƙaho, nauyin dabbar ya koma kan sirdi da doki. Shi ya sa ƙashin sirdin na itace ne da aka lulluɓe da ɗanyar fata, shi ya sa kuma yake da nauyi. Na Ingila bai cika wuce kilo 8 ba, na kaboyi daga kilo 12 ne zuwa 20, na zarge shanu ma ya kan fi haka. Aikin yana da haɗari, akwai tsofaffin makiyaya a nan da babban yatsansu ya guntule, ya shiga tsakanin igiya da ƙaho lokacin da sa ya fizga. Riƙe shi kuwa ba laifi in doki ya yi tutsu, amma wanda ya saba da riƙe shi kullum zamansa lalacewa yake yi, don yana jawo kafaɗa gaba. Hajiya Hadiza, dalilin da yake tokarinki ke nan, zaman tsallake kike yi. Kuma kada ki yi tsallaken shinge da wannan sirdin.

DanFolo_KD:
Ni fa har yanzu ban ga abin da zai hana ta sayo sirdin Ingila ba. Doki bai san ƙasar da sirdi ya fito ba, abin da ya sani shi ne ya zauna masa daidai ko bai zauna ba. Dawakin Ajantina da ake kawo mana Kaduna da sirdin Ingila muke hawansu, a wuya muke juya su, suna tsayawa cak suna juyawa a wuri ɗaya. Tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a shekarun 1920 da ɗansa Sarki Usman Nagogo mutanenmu suke haɗa sirdin Bature da hannun gida, ba abin da ya lalace. In gwiwarta ta fi samun lafiya a wanda ta sani, ta hau abinta.

Ummu_Kalgari:
Malam DanFolo, a filin folo minti bakwai kuke yi ku sauya doki. Ita in ta fara fita daji da mutanen bargar, awa uku ko huɗu za su yi a kai. Sirdin kaboyi yana baza nauyin mutum a wuri mai faɗi a bayan doki, don dogon yini aka yi shi. Ga wurin ɗaure gora da rigar ruwa. Kuma dokin haya ne, mai shi ba lallai ya yarda a ɗora masa sirdin da ba a gwada a bayansa ba. Dawakin Kwata bayansu faɗi ne da shi, yawancin sirdin Ingila na kanti matse musu kafaɗa yake yi.

DanFolo_KD:
Wannan gaskiya ne, ban yi tunanin doguwar tafiya ba. Amma ina nan a kan cewa ba dole ba ne.

Almajirin_Tarihi:
Maganar Baba ta Katsina ta sa ni magana. Kamannin da ya gani tsakanin kayan dokinmu da na kaboyi ba haɗuwar banza ba ce. Musulmin Arewacin Afirka sun shiga Andalus a 711, mulkinsu na ƙarshe a Garnada ya faɗi a 1492, kuma cikin waɗannan ƙarnoni mutanen Sifen sun ɗauki dawakin Barbar da salon hawansu da linzaminsu. A 1519 Kortes, jagoran mayaƙan Sifen, ya sauka Meziko da dawaki. Makiyayan Meziko su suka gina wannan sana'a ta kiwon shanu a kan doki, daga wurinsu mutanen Teksas da Kalifoniya suka koya. Linzami mai zobe a haɓa da Baba ya kwatanta, akwai irinsa a tsofaffin kayan Meziko. Mu ya zo mana ta Sahara, su ya je musu ta teku. Kenan sirdin kaboyi ɗan'uwan namu ne.

Issoufou_Maradi:
Malam Almajiri, linzamin na yarda. Sirdin kuwa a yi hattara. Hawan Barbar da gajeriyar likkafa ake yinsa, gwiwa a lanƙwashe, kaboyi kuma ƙafarsa a miƙe take kusan sambal, wanda ya fi kama da hawan mayaƙan Turai masu sulke. Sifaniyawa suna da salon biyu duka. Ƙahon kuma a Meziko aka ƙirƙiro shi saboda zarge shanu, babu shi a namu. A ce dai sun haɗa kaka ta wani ɓangare.

Almajirin_Tarihi:
Na karɓi gyara a kan ƙaho. A kan likkafa ina da sauran magana amma kada mu cinye wa Hajiya zarenta.

Likitan_Dabbobi:
Hajiya Hadiza, kafin a ɗora komai a kan hannunki, a duba dokin ma. Kaɗa kai yana zuwa daga haƙori mai kaifi da ke yankar kumatu, yana kuma zuwa daga sirdin da bai zauna ba. Ki tambaya yaushe aka goge masa haƙora. Sirdin kuma ga yadda za ki gwada. Ki ɗora shi a bayansa ba shimfiɗa, ba ɗauri. Yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin tudun kafaɗarsa da ƙasan ƙaho. Ki zura tafin hannu ƙarƙashin sirdin daga gaba ki shafa zuwa baya, ki ji ko matsin ɗaya ne ko akwai inda ya cije da inda ya bar rami. Gaban itacen ya zauna bayan allon kafaɗa, ko da fatar ta rufe kafaɗar. Wannan yana da muhimmanci a na kaboyi fiye da na Ingila, don na Ingila yana da matashi a ƙasa da ake cusa wa ulu a gyara shi, na kaboyi kuwa itace ne da fatar tunkiya kawai, in bai dace ba bai dace ba. Shimfiɗa mai kauri ba ta gyara sirdin da ya matse, ƙara matse shi take yi. Bayan hawa ki ɗaga sirdi ki kalli zufa. In duk bayan ya jiƙe amma akwai busassun wurare biyu daidai bayan kafaɗa, wurin yana shan matsi. In kin ga farin gashi ya tsiro a nan, an daɗe ana cutar da shi. Kuma kullum kafin ki ɗaure, ki sa hannu ki ɗaga gaban shimfiɗar sama ta shige cikin ramin sirdi, kada ta kwanta ta danne tudun kafaɗa.

Baduku_Kano:
Ni ban taɓa zuwa Amurka ba amma an kawo min irin sirdin nan gyara, wani Alhaji ya sayo ta intanet da araha. Da na buɗe shi, fatar kamar kwali, ƙusoshi ƙanana, itacen ciki ya karkace tun daga masana'anta, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Araha ba ta ado. Hajiya in za ki saya, ki nemi tsohon sirdi na hannu mai kyau da aka hau aka karya, ya fi sabo mai ƙyalli. Ki kafa gabansa a ƙasa ki danna bayansa da ƙarfi, in ya motsa ko ya yi ƙara, itacen ya karye, ki ajiye musu kayansu. Ki kuma duba fatar da ake ɗaure majayi da ita, in ta bushe ta tsattsage a canza ta, ranki a kanta yake. Maganar jiƙa fata da Malam Sani ya yi daidai ne, sai dai bayan ta bushe a inuwa a shafa mata mai kaɗan, kada a shanya ta a rana.

Sani_Oklahoma:
Ƙari a kan maganar Baduku: awon ma ba ɗaya ba ne. In inci 17 kike hawa a na Ingila, a na kaboyi wajen 15 za ki nema, don daga gindin ƙaho ake aunawa zuwa kwacciyar baya. Wanda kike hawa yanzu in na wani ƙaton namiji ne, kina yawo a cikinsa, likkafar ta yi miki gaba, wannan ma yana jawo ciwon gwiwa da rashin jin doki.

Hadiza_Teksas:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Na je barga jiya. Sirdin inci 16 da rabi ne, sai mai bargar ta ba ni na 'yarta, 15, wanda likkafunsa sun riga sun juya. Gwiwa ta yi sauƙi sosai, saura ta dama kaɗan. Ta kuma sa masa ƙaramin linzami. Yaya Ummu na gwada abin da kika ce, na saki ƙafa na fitar da numfashi, ya rage tafiya sosai amma bai tsaya ba sai da na ɗaga igiya kaɗan. Kai kuwa bai kaɗa ba ko sau ɗaya. Likita, na kalli zufar, ta jiƙe ko'ina sai wani ɗan wuri a hagu kamar faɗin kwabo. Sabbin tambayoyi biyu: in yana sassarfa, ana tashi ana zama kamar yadda muke yi, ko zama ake yi daram? Sannan ɗaurin majayin har yanzu ita take yi min.

Kaboyin_Dalas:
Ba a tashi a sirdin kaboyi. Zama ake yi. Duk wanda ya gan ki kina tashi kina zama ya san baƙuwa ce.

Sani_Oklahoma:
Ɗan'uwa wannan a filin gasa ne, inda ake son 'yar sassarfa mai laushi a hankali, ita kam zama ake yi. Amma fita ka ga masu kiwo da asuba in za su ƙetare makiyaya mai nisa, doguwar sassarfa suke sa doki, kuma tashi suke yi suna zama ko su tsaya a kan likkafa, don su sauƙaƙa wa bayan doki da nasu. Hajiya, abin da kika koya a Ingila a nan zai yi miki amfani, kada ki yar da shi.

Majayi kuma ga shi. Doguwar fatar da ke rataye a zoben sirdi ta hagu, ki zura ta cikin zoben majayi daga ciki zuwa waje, ki hau da ita zoben sirdi daga waje zuwa ciki, ki sake zagayawa sau ɗaya. In majayin na da harshen ƙarfe, ki sa shi a rami ki ja fatar ta kwanta a kansa, shi ke nan. In babu, sai ƙulli irin na nakatayi: ki fito da fatar ta hagun zoben, ki gitta ta gaba zuwa dama, ki shigar ta bayan zoben ta fito sama, ki sauko da ita ta cikin gittawar. Kada ki matse lokaci ɗaya. Wannan fatar tana ba hannu ƙarfi fiye da maɓallan Ingila, mutum na iya matse doki fiye da kima bai sani ba. Ki ɗaure sako-sako, ki ja shi ya taka kaɗan, ki ƙara, sannan ki duba kafin ki hau. In sirdin na da majayi na biyu a baya, na gaba ake fara ɗaurewa, na baya ake fara kwancewa, kullum. In aka kwance na gaba aka bar na baya, doki ya motsa, sirdi ya juye ƙarƙashin cikinsa, abin da zai biyo baya ba kyau. Na bayan ya taɓa ciki kawai, kada ya yi lilo har kofato ya iya shiga, kuma ki tabbata 'yar fatar da ke haɗa shi da na gaba tana nan.

Kaboyin_Dalas:
To ni dai inda nake koyo an hana mu tashi.

Maman_Ilham:
Don Allah maganar hula fa? A bargar 'yata manya duk malafar kaboyi suke sawa, ita kaɗai ce mai hular kwano, har ta fara cewa kunya take ji.

Likitan_Dabbobi:
Maman Ilham, kada ki sassauta. Ƙasar Teksas ba ta fi ta Ingila laushi ba, kuma dokin da ya fi kowane sanyi yana tuntuɓe. Malafa rana take karewa. Hajiya Hadiza ke ma ki riƙe hular da kika zo da ita. Wurin nan na hagu da kika gani, ki sa ido a kansa hawa uku ko huɗu nan gaba. In yana nan a wuri ɗaya, ki danna shi da yatsa bayan an sauke sirdi ki ga ko zai noƙe. Wani lokaci ba sirdin ba ne, mahayi ne yake zama a karkace, kuma tunda kin ce gwiwar dama ce ta rage, ki sa a auna miki likkafun biyu, fatar hagu takan miƙe saboda ta nan ake hawa.

TsohonBarga_Katsina:
'Yata, kin ce ya rage tafiya da kika zauna. To ya ji ki ke nan. Kada ki yi saurin mayar masa da babban linzamin. Wane suna ake kiransa, kuma shekarunsa nawa?

Hadiza_Teksas:
Baba, shekararsa 12. Sunan Turanci ne da shi amma ni Jan Gwarzo nake ce masa. Mai bargar ta ce in zauna a kan ƙaramin linzami har sai na iya zagaya fili da hannu ɗaya ba tare da ɗayan hannun ya kai wa igiya cafka ba. Malam DanFolo, ban fasa tunanin sirdin Ingila ba, ina kewar tsallake, kuma an ce akwai wata barga wajen Dalas da suke yi. Likita zan auna likkafun ranar Asabar in turo hoton bayansa.

DanFolo_KD:
Ki yi duka biyun Hajiya, ba su hana juna. Sai dai ranar da kika koma wancan, ki gaya mana ko hannunki ya yarda ya sake riƙe baki.

Ummu_Kalgari:
Hoton ki ɗauka daga sama, ki hau kan abin hawa ki tsaya ta bayansa kaɗan a gefe, da zarar an ɗaga shimfiɗa kafin iska ta busar da zufar. Ki juya shimfiɗar ma ki ɗauki cikinta, dattin da ke jiki yana nuna inda sirdin ya fi dannawa.